Rasuwar Kofur, Fulas ɗin Baba Ari na Dukawuya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Mai kowa mai komai, iyalan Baba Ari Mai Jirgi na unguwar Dukawuya, tsohon sojan sama, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar fulas ɗin shayinsa, wanda aka fi sani da Kofur. Ya rasu ranar Talata da hantsi a zauren gidan, bayan gajeriyar jinya. Ya bar duniya da shekara talatin da 'yan kai, kuma bai taɓa yoyo ba.

Marigayin kore ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, da murfin ƙarfe wanda shi ne kuma kofinsa. Ba a san garinsu ba, domin rubutun da ke gindinsa ya goge tuntuni. Abin da aka sani shi ne Ya Kaka, matar Baba Ari, ita ta sayo shi a kasuwar Kurmi lokacin da aka ce za a tura mijinta wata ƙasa ta bakin teku, inda yaƙi ya ɓarke aka aika sojojinmu raba faɗa. Ta miƙa masa a soro, ta ce, "Ga shi nan. Ka dawo min da shi yadda na ba ka." Ba ta ce komai a kan shi Arin ba, amma ya gane.

A wancan zamani Baba Ari shi ne mai kula da lodi a babban jirgin dakon soja, irin mai inji huɗu. Shi ke ɗaure kaya, ya zaunar da sojoji, ya rufe ƙofar baya. Sukan tafi da shinkafa da harsashi da magani, su dawo da masu rauni, wani lokaci kuma da waɗanda ba sa bukatar kujera. Duk waɗannan tafiye-tafiye marigayi ya yi su a ɗaure da igiya a bayan kujerar matuƙi, yana sauraron komai, bai taɓa kai ƙarar kowa ba.

Matuƙin jirgin, Mikail, shi ya ba shi muƙami. Wata rana suna shirin sauka aka buɗe musu wuta daga cikin daji, jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle kamar ɗan akuya, kowa ya kama salati, har da Bitrus injiniyan jirgin, wanda ɗan coci ne. Da suka tsaya, Mikail ya kwance fulas ya buɗe, ya tarar ko ɗigo bai zube ba. Ya ce, "Yau a cikinmu wannan kaɗai ya yi halin soja." Nan take ya naɗa shi kofur. Bai sake samun ƙarin girma ba har ya koma, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da riƙon amana. Abin da aka zuba masa da asuba, haka zai miƙa shi da la'asar. Bai san bambancin hafsa da kurtu ba. Musulmi da Kirista duk a murfi ɗaya ya shayar da su. Ba mai yawan magana ba ne. In an buɗe shi yakan ce "fiss", in an tsiyaya ya ce "ƙul, ƙul, ƙul", ya yi shiru. Baba Ari ya ce akwai yaran sojoji da aka kwaso a bayan jirgi, waɗanda wannan "ƙul, ƙul" ɗin ce ta fara tabbatar musu da cewa sun fita daga daji.

Tafiya ɗaya ce aka yi babu shi. Zazzaɓi ya kayar da Baba Ari a asibitin sansani, Mikail da Bitrus suka leƙo shi da sassafe kafin su tashi. Bitrus ya haɗa shayi ya cika fulas, da citta da yawa yadda ya saba. Mikail ya ajiye shi a gefen gado, ya ce, "Riƙe Kofur, Ari. Yau ka fi mu bukatarsa. Gobe ma karɓi abinmu." Jirgin ya tashi cikin hadari, bai dawo ba. Da yamma, sa'ad da aka zo aka gaya wa Baba Ari, shayin Bitrus yana nan da zafinsa. Ya kasa sha, ya kasa zubarwa.

Bayan sun yi ritaya tare, marigayi ya koma zaman zaure a Dukawuya. Kowace safiya yana gefen tabarmar Baba Ari, duk wanda ya yi sallama sai ya sha. Wasu suka fara tsegumi cewa tsohon ya mayar da fulas laya. Maganar ta kai kunnen limamin unguwa, Malam Isyaku, ya zo da kansa ya ce, "Ari, ka san fa ba fulas ke tsare jirgi ba." Baba Ari ya ce, "Na sani, Allah gafarta Malam. Allah ke tsare jirgi. To, amma shayin fa, wa zai riƙe?" Malam ya sha murfi biyu ya tafi, ba a sake tayar da zancen ba.

Bara aka kira marigayi ya koma bakin aiki. Umair, autan Baba Ari, shi ma sojan sama ne, yana cikin ma'aikatan jirgi mai saukar ungulu da ke kwaso masu rauni daga fagen daga a arewa maso gabas. Ranar da zai tafi, uban ya sa masa fulas a jaka. Watannin da suka biyo baya Baba Ari ya sha shayi a kofin roba, ya rame, ya daina sauraron labarai a gaban mutane. A makon jiya Umair ya dawo hutu, domin matarsa Luba ta haihu. Ya shigo da ƙafafunsa, Kofur yana hannunsa da 'yar lotsawa a kafaɗa da warin man jirgi. Baba Ari ya fara duba fulas ɗin sama da ƙasa, sannan ya juya ya daɗe yana kallon ɗansa.

Ajali ya sami Kofur a gida. Ranar Litinin an ajiye shi a kan kujera 'yar tsugunne a tsakar gida, sai ragon suna ya tsinke igiya, ya ga kansa a jikin murfin, ya ja da baya ya kai karo. Wanda harsashi bai samu ba a ƙasashe biyu, rago ya same shi a gaban madafa. Da aka ɗaga shi babu rauni a waje, amma da aka girgiza sai aka ji wata murya da ba a san shi da ita ba: "caka, caka". Aka garzaya da shi Kurmi wurin Nazeer mai gyara. Ya kara shi a kunne, ya girgiza sau ɗaya, ya ce, "Baba, sai haƙuri. Kwalbar ciki ta tafi, irinta kuma an daina yi."

Baba Ari bai yarda ba. Da asubahin Talata ya cika shi da hannunsa, ya rufe, ya lulluɓe shi da bargo, ya zauna. Da hantsi ya buɗe. Marigayi bai ce "fiss" ba. Abin da ya fito ruwa ne mai sanyi da ɓarɓashin kwalba a ciki. Tsohon ya rufe murfin a hankali, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka yi aikinka."

Ragon za a yanka shi gobe Laraba kamar yadda aka tsara tun farko. Iyalai suna roƙon kada a ɗauki wannan a matsayin ramuwar gayya.

Marigayi ya rasu ya bar Baba Ari da Ya Kaka da Umair, da butar shayi guda, da rariya, da jikoki masu yawa da ya ƙona wa harshe. Ya bar murfinsa, wanda ya tsira ba ko ƙwarzane. An buga waya an sanar da Madam Saratu, matar marigayi Bitrus. Ta tambaya ko murfin yana nan, domin mijinta ya sha a cikinsa. Umair ya so ya tafi da shi fagen daga, amma uban ya hana. Ya ce, "Na Saratu ne. Kai ka tafi da Allah, ya ishe ka." Za a naɗe murfin a kai mata.

Za a binne gangar jikin ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin lemon da ke tsakar gida. Malam Isyaku ya bayyana cewa babu salla a kan fulas, amma zai halarta a matsayinsa na wanda ya ci arzikin marigayi. Za a karɓi gaisuwa a zaure har kwana uku, ban da safiyar Juma'a, domin Baba Ari zai raka Umair tasha, hutunsa ya ƙare. Masu zuwa su taho da shayinsu. Masu niyyar yi wa mamaci addu'a, an gode, ba ya bukata. A karkata ta ga Umair da abokan aikinsa.

Idan kuma ana cikin zaman jirgi ya gifta ta saman Dukawuya, aka ga Baba Ari ya yanke magana ya ɗaga kai, a yi masa haƙuri har ƙarar ta ɓace, sannan a ci gaba da gaisuwa.