Yadda Ake Ciro Injin Tarakta da Takarkarin Rijiya

Ɗan'uwa, idan ka ƙyalla ido a kan tsohuwar tarakta wadda injinta ya kafe tun zamanin da gyaɗa ke da daraja, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari injin zai fita. Da idona na ga an gwada su bana, 1977, a Yekuwa, gidan ɗan baffana Labaran. Kuma ya fita.

1. Toshe hanyar komawa

Kafin ka taɓa ƙarfe, sayar da shanun huɗarka biyu ka sayi taraktar. Sannan ka je kasuwar Magariya ka faɗa da ƙarfi, inda masu goro za su ji, cewa kai da hauya kun rabu har abada. Haka Labaran ya yi, saura sati uku ruwa ya sauka. Mai shanu a turke ba ya mai da hankali ga ci gaba.

2. Nemo makanisiye, wato makaniki

Ba sai mai takarda ba. Ɗanliti ya isa, wanda ya yi shekara biyu yana wanke motoci a Damagaram. Zai zo da kile ɗaya, wato sifana, da guduma, ya ce injin ba zai tashi ba sai an kai masa shi gareji a Magariya. Zai kwance ƙusoshin da suka yarda da kile. Waɗanda suka ƙi, guduma ta san yarensu.

3. Jiƙa tsatsar

Gazuwal ake so, wato man dizal, amma ba ka da shi. Shiga madafa ka ɗauko man gyaɗar matarka. In irin Huraira ce, matar Labaran, za ta tsaya bakin darni ta ce: “Malam, ƙarfen nan ya sha man da 'ya'yanka ba su sha ba tun salla. Ya ƙoshi, ko in tuƙo masa tuwo?”

Kada ka amsa. Ilimin zamani ba ya jayayya da muciya.

4. Kira gayya

Mutum goma sha biyu: huɗu su ɗaga, takwas su ba da shawara. Injin ba zai motsa ba, amma ƙashin bayan maƙwabcinka Habu zai motsa, kuma furarka za ta ƙare.

5. Koma ga hikimar kakanni

Ku tura taraktar gindin tsamiya. Ciro itacen nan mai juyawa da igiyar guga ke bi ta kansa a bakin rijiya, ka ɗaure shi a babban reshe. Igiya ta bi ta kai, baki ɗaya a inji, ɗayan a takarkari. Takarkarin kuwa aro za ka yi wurin tsoho Mainassara, wanda ka sayar wa shanunka, ya maishe su masu jan ruwa. Aron abin da jiya naka ne yana gyara hali.

Lissafin Ɗanliti mai sauƙi ne: takarkari ya yi taku uku, inji ya tashi, a turo amalanke ƙarƙashinsa, a sauke.

6. Kada ka saurari tsoho

Mainassara zai ce: “Ɗana, san nan na rijiya ne yanzu. Rijiyarmu gaba talatin ce. In ya ji nauyi a igiya, bai san taku uku ba, sai ya kai inda ya saba juyowa.”

Ka yi dariya irin ta Labaran, ka ce: “Haba baba! Ni na rene shi tun yana maraƙi. Muryata ya sani.”

7. Ja!

Taku uku, sai ka ji ƙara, inji ya rabu da tarakta. Jama'a su yi kabbara. Kai kuma ka yi ta ihu: “Tsaya! Kai, tsaya, don ubanka!” Sa ba zai waiwayo ba, yana bakin aiki. Injin zai wuce kawunanku, ya bugi reshe, ya kwanta tsakanin rassan tsamiya kamar can aka ƙera shi. Igiya ta tsinke. Sa ya ƙarasa gabansa talatin, ya juyo da kansa, ya dawo ya tsaya yana jiran a juye guga. Cikin duk taron, shi kaɗai ya san aikinsa.

Ɗanliti zai ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: “To, alhamdu lillahi, ya fita. In ya sauko ku aiko mini.”

Kwana huɗu bayan haka ruwa ya sauka a Yekuwa. Huraira ta miƙa wa Labaran hauya, sai da ya kai ƙofar gida ta ɗaga murya: “Malam, ka bi ta bayan gari, masu goro sun zo cin kasuwa.”

Hattara: fita na yi maka alkawari, ban ce sauka ba. Ƙashin bayan Habu, man Huraira, kanta a tafin hannunka, da duk wanda ya zauna inuwar tsamiyar nan ranar iska, babu ruwana. Mai ƙara ya kai wa takarkari, shi ya yi aikin.