Babur Ɗin da Ya Tona Mini Asiri a Salvador

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a birnin Salvador na ƙasar Brazil ba, ranar da na fita sayen babur ina shan ƙamshi, na dawo gida ina ɗingishi. Amma kafin in kai ku can, dole in fara faɗa muku abin da na yi shekara bakwai ina ɓoye wa matata.

Ni tsohon ɗan acaɓa ne. Shekara huɗu na yi ina zirga-zirga tsakanin Kwangila da Samaru a Zariya, kuma da wannan sana'a na yi digirina na farko. Da safe in shiga aji, da la'asar in ɗaura ƙyalle a hanci in hau layi. Saboda littafin da nake cusawa a cikin riga, abokan sana'a suka laƙaba mini Ɗan Boko, har wasu ba su san sunana na yanka ba. Da na gama karatu na samu aikin koyarwa, na zuba babbar riga na tafi neman auren Rukayya, 'yar wani tsohon shugaban makaranta mai saƙala gilashi a kan karan hanci. A nan bakina ya yi nauyi. Da ta tambaye ni yadda na yi karatu, na ce na ɗan taɓa harkar sufuri. (Ku ma shaida ne, ban yi ƙarya ba, kwalliya kawai na yi wa gaskiya.) Tabon salansa da ke ƙwaurina na dama kuwa na ce ruwan zafi ne tun ina yaro. (Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta.)

Tsorona ɗaya ne, ranar da za ta ji, ta dube ni ta ga ɗan acaɓa, kuma maƙaryaci a kai. Kullum aka ƙara shekara, faɗar sai ta ƙara wuya. Don haka da na samu gurbin digiri na uku a kan noman rogo muka taho Salvador, sai na yi ajiyar zuciya. Na ce shi ke nan, teku ta shiga tsakanina da Kwangila.

Shekararmu biyu a garin Rukayya ta tayar da maganar babur. Duk Lahadi da safe idan muka fita shan iska wajen dandalin Castro Alves, mukan tarar da masu manyan babura sun taru, kowa da matarsa a baya da jakunkuna a gefe, za su yi doguwar tafiya. Ita kuwa ta gaji da zaman bene hawa na tara tana kallon teku ta taga. Ta ce so take mu je duwatsun Chapada, tafiyar wuni guda, kuma ba a bas ba. Na ce akwai haɗari. Na ce akwai ruwan sama. Na ce mutane za su ce me. Ta ce su wane ne mutanen, a garin da Hausawansa duka mu biyu ne?

"Haba Dakta," in ji ta, don haka take kirana tun kafin in fara rubuta ko shafi ɗaya. "Ni da na girma a bayan 'yan acaɓa, babur ne zai ba ni tsoro?"

Na yi dariyar yaƙe na ce to, za a duba.

Haka na je makarantar koyon tuƙi don samun lasisi, ina karkace-karkace da gangan kamar sabon shiga, malamin yana yaba mini wai ina da saurin ɗauka. Bayan nan aka zo zaɓen babur. Sabo ya fi ƙarfin ɗalibi, sai na hannu. Na tsayar da shawara a kan irin mai injin V, wato mai silinda biyu da suka buɗe kamar ka ɗaga yatsu biyu. Irinsa siriri ne a tsakanin cinyoyi, yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, ko da goyo da kaya ba ya kuka a hawan dutse, kuma a doguwar hanya ba ya girgiza mutum har hannu ya mutu. Garin da ko'ina hawa ne da gangara, shi ya dace.

Ga inda gizo ke saƙa. Ba a zaɓar babur na hannu sai da sani, ni kuwa sanin ne nake ɓoyewa. In na nuna na iya, asiri ya tonu. In na yi shiru, a sayar mini da gawa in ɗora matata a kai. Kuma Rukayya ta rantse duk inda za ni ƙafarta ƙafata.

Na farko da muka gani na wani saurayi ne, yana ta ƙyalli an shafe shi da mai. Ban san lokacin da bayan hannuna ya kai kan injin ba. Da ɗumi. Ya tayar da shi kafin mu iso, don kada mu ga irin wahalar da yake bayarwa da sanyin safiya, dabarar da na sani tun ina bin dillalan Sabon Gari. Na ce mu tafi. Rukayya ta tambayi dalili, na ce na karanta a intanet. Na biyu kuma da aka tayar, na durƙusa bayan salansa na shaƙi hayaƙin, na ji ƙaurin baƙin mai, na ja sarƙar daga bayan haƙoran taya na ga ta saki. Da na ɗago, Rukayya na tsaye ta harɗe hannu tana kallona.

"Har shaƙar hayaƙin ma a intanet ɗin ne?"

Na ce ai intanet ba abin da babu.

Na uku shi ne na wani dattijo, Seu Valdir (Seu ɗin nan kamar Malam ne a wurinsu), tsohon bakaniken bas da ke zaune a wani gangare a unguwar Barroquinha. Titin ƙanƙane ne, an shimfiɗe shi da duwatsu tun zamanin da, kuma ranar an yi yayyafi da safe, sai sheƙi suke. Babur ɗin jan wuta ne, tsufa ya ɗan nuna a kujerarsa, amma injin sanyi ƙalau. Dattijon ya ce bai taɓa shi ba tun jiya, don mu ji da kunnenmu. Taɓawa ɗaya ya tashi, yana dum-dum kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya. Ya fito da takardun gyara a cikin wani tsohon gwangwanin biskit, ya nuna inda aka taɓa yi wa salansa walda tun kafin in gani. Gwiwa ce ta hana shi hawa, in ji shi. Na ji babur ɗin ya shiga raina.

Da ya ji mu Hausawa ne, ya kira matarsa ta leƙo ta gan mu. Ya ce kakarsa takan ba su labarin cewa a zamanin bauta akwai mutanenmu a wannan unguwa, wasu bayi wasu 'yantattu, kuma da yawansu aikinsu ɗaukar mutane ne a kujera, su hau da su wannan gangaren a kafaɗa. Idon Rukayya ya ciko. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da kunnena ya kama kawai shi ne ɗaukar mutane.

Sai dattijon ya tsaya kallon yadda na murza totur ina karkata kunne. Ya yi murmushi, ya tambaye ni ko na taɓa aikin haya da babur a ƙasarmu. Rukayya ta fi ni jin yaren garin, don haka ba damar in fassara mata yadda nake so. Na gyara wuyan riga na ce a'a, ni malamin jami'a ne. Ya ce to madalla, ya miƙo mini hular kwano, ya ce in zaga ta dandali in dawo, amma in kula, nauyin wannan ba irin na makarantar koyo ba ne.

Na gangara a hankali, kamar mai tsoro, har na sha kwana suka daina ganina. Daga nan, jama'a, ban san abin da ya shige ni ba. Shekara tara rabona da in saki babur yadda nake so. Na ba shi wuta, ya amsa. Na kwanta a kwana, na ratsa tsakanin bas da tasi, iskar teku tana bugun ƙirjina. Duk taka-tsantsan ɗin da na yi makonni ina yi ya bi iska. A raina ba Salvador nake ba, ina kan titin Sokoto ne a Zariya da la'asar, kasuwa ta tashi.

A haka na karyo kwanar gangaren na fara hawa. Ga Rukayya da Seu Valdir da matarsa tsaye a ƙofar gida. 'Yan takuna ƙasa da su kuma ga wata babbar mata cikin fararen kaya da ɗaurin ɗankwali, irin masu soya ƙosan nan nasu na manja, ta ajiye ƙaton baho da buhu a gefen titi. Ta ɗaga hannu.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Babban yatsana ya danna oda sau biyu. Kan babur ya karkata zuwa gare ta. Hannun hagu ya ɗaga gilashin hula, haɓa ta yi sama, sai na ji wata murya da na binne tun a Kwangila ta fito daga bakina, da ƙarfinta, cikin Hausa:

"Hajiya, ina zuwa? Da kayan ne?"

Na damƙe birki na sauke ƙafar dama, kamar yadda na yi sau dubbai a kan ƙaramin babur ɗina roba-roba. Sai dai a nan ƙasar ba ta inda na bar ta. Ta wannan gefen titin ya zurma zuwa magudanar ruwa, dutsen kuma santsi. Babur mai nauyin bijimi ya fara kwanciya a hankali, ina riƙe da shi ina salati, har muka kai ƙasa tare. Madubi ya tarwatse, tanki ya goge dutse. Matar ta dafe ƙirji. Ashe tasin da ke bayana take tsayarwa.

Ina kwance, ƙafa ɗaya a ƙarƙashin babur, wandona ya tattare har gwiwa, tabon salansa a fili. Mutane sun leƙo ta tagogi. Mai ƙosai tana tambaya ko ɗanta ya ji ciwo, wai ni. Ban damu da ko ɗaya ba. Takun takalmin Rukayya kawai nake saurare yana matsowa, ina roƙon Allah ya sa ƙarar inji ta hana ta ji. Ta tsugunna daidai kaina, ta zare mini hular, ta dube ni.

"Tashi, Ɗan Boko," ta ce a hankali. "Mutane na kallo."

Ban taɓa furta sunan nan a gabanta ba, ko a mafarki.

Seu Valdir ya kashe injin, ya juya wa babur ɗin baya ya ɗaga shi da ƙugu duk da ciwon gwiwarsa. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini tabo irin nawa sak, sannan ya shiga gida ya kawo ƙanƙara.

A bas muna komawa gida ta ba ni labari. Lokacin binciken aure, mahaifinta ya tura Kawu Sule Zariya. Kawu bai je jami'a ba, bai je wurin mai unguwa ba. Kwangila ya nufa, ya yi wuni guda a kan bencin 'yan acaɓa yana shan rake. Suka ce ai Ɗan Boko ne, wanda ba ya gudu in ya ɗauko mai ciki, kuma ba a taɓa jin ya yar da fasinja ba. Ta ce kafin nan Baba yana ta jan ƙafa, wai na cika iyayi. Da ya ji wannan sai ya cire gilashi ya ce a sa rana, wanda ya yi acaɓa ya yi karatu ba zai bar masa 'ya da yunwa ba.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta amsa tana kallon taga.

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Acaɓar ba ta taɓa damuna ba. Abin da ya yi mini ciwo, shekara bakwai kana kallona a matsayin wadda za ta raina ka."

Wannan ya fi faɗuwar zafi. Na ba ta haƙuri a cikin bas ɗin nan, gwiwa tana zugi, wata tsohuwa a gefenmu tana kallonmu ba ta jin ko kalma.

Babur dai mun saye shi, don wanda ka fasa wa madubi ba ka cewa za ka je ka yi shawara. Na sauya madubin, amma Rukayya ta hana a yi wa tankin fenti. Mun je Chapada mun dawo lafiya, kuma duk inda take son mu tsaya sai ta taɓa kafaɗata ta ce, "Mai mashin, a nan zan sauka."

Yanzu duk wanda ya tambaye ni yadda ake zaɓar babur na hannu, nakan ce ya saya wurin wanda ya nuna masa waldar da kansa, ya guji wanda ya ɗumama inji kafin a iso. Na san halinsu sarai. Ni ma na hannu ne, na shafa mai na ɗumama inji na je neman aure, ban san Kawu Sule ya riga ya taɓa shi da sanyinsa ba.