Yadda Za Ka Fitar da Mai Hannu Takwas Daga Tankinka Ba Tare da Ka Rushe Gadarka Ba

Sannu da zuwa, mai tanki. Na san abin da ya kawo ka. Ka tashi da safe ka tarar da ɓawon ƙaguwa a zube bakin wani rami cikin tankin gilas ɗinka na kiwon kifi, dodon koɗin da ka zuba don su riƙa lashe datti sun koma kwanso fanko, kai kuma kana ta zargin gishirin ruwa. Ba gishiri ba ne, malam. Baƙo ka yi: oktofas, dabbar tekun nan mai hannu takwas, ba ƙashi, ba kunya.

Kwantar da hankalinka. Duk wanda ya bi matakan nan daki-daki, na yi masa alkawari baƙonsa zai fita, babu tantama. A idona aka gwada su gidan maƙwabcina Roscoe Tillman a nan Tampa ta Amurka, wanda muke ƙungiyar masu tankin ruwan gishiri tare, kuma sun yi aiki. Da shi zan riƙa ba ka misali.

1. Ka wanke kanka tukuna

Kai dai dutse ka saya. Mu a harkar nan ai ba ma sa dutsen banza a tanki, sai wanda ya daɗe kwance a ƙasan teku aka ɗebo shi da danshinsa, wanda muke kira dutse mai rai. Duk ƙazantar da ta maƙale a ramukansa muna yi mata maraba, har mu ɗauki hoto. To wa ya ce maka abin kirki kaɗai ke hawa motar kyauta?

Roscoe ya yi shekaru yana gina gadar duwatsu a tsakiyar tankinsa. Ya manne su da gam, murjani mai rai, halittar tekun nan mai tsirowa kamar reshen dutse, ya yaɗu a kansu ya haɗe su, kore da shunayya, gwanin sha'awa, wannan kam ba zan hana shi ba. Ƙafa ɗaya ta gadar ta ɗan karkata, sai ya sayo sabon dutse ya tokare ta ya manne. A cikin wannan dutsen baƙon ya zo. Ka ga ke nan laifin teku ne.

2. Ka saurari matarka, amma da kunne ɗaya

A kowane tanki akwai abu guda da ba a saye a shago. A na Roscoe, Kyaftin ne, wani tsohon kifi ɗan ƙarami, ruwan lemo mai ratsin fari. Na mahaifin matarsa Lorna ne. Da tsohon ya rasu, 'yan'uwanta suka raba mota da kujeru, ita kifin ta ɗauko a kular ƙanƙara ta rungumo shi har gida. Kyaftin ya tsufa, ba ya sauri, kuma a ƙasa yake kwanciya, gefen gada.

"Roscoe, abin nan zai ci Kyaftin?" in ji Lorna.

"Haba Lorna! Ƙaguwa yake ci. Duka-duka bai kai babban yatsana ba."

"In ya girma fa?"

"Ke dai bar ni da shi."

"To ciro dutsen da yake ciki ka jefa a bokiti mana."

Roscoe ya dube ta kamar ta ce ya cinna wa gidan wuta. "Dutsen nan shi ke riƙe da gadar. Kin san shekara nawa murjanin nan ya yi kafin ya haɗe?"

"Na sani. Ina gidan ai. To fito mini da Kyaftin in sa shi wani wuri."

Ya gwada, a ba shi haƙƙinsa. Amma da Kyaftin ya ga 'yar raga sai ya shige ƙarƙashin gada, kuma ba a kama shi a can sai an ɗaga dutse. Magana ta dawo inda ta fara. In taka ta kai nan, ka ce mata ba ta fahimci harkar ba, ka tafi gareji.

3. Ka kai ƙara intanet

Akwai dandalin masu tanki, cike da masana. Ka rubuta matsalarka ka jira.

Na farko zai ce ka turo sakamakon gwajin ruwanka. Na biyu zai ce ba hoto, ba yarda. Wani daga Ohio, wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa a teku ba, zai rantse maka ba oktofas ba ne, tsutsa ce. Sai biyu su kaure da faɗa kan irin fitilar da ta fi dacewa da murjani, a manta da kai gaba ɗaya. Can ƙasa wani zai rubuta layi ɗaya: ciro dutsen. Kada ka kula shi, ɗan baƙin ciki ne, ka duba hoton tankinsa za ka ga ba shi da gada.

4. Ka ɗana tarkon kwalba

Wannan ita ce dabarar manya. Ka samu kwalba mai ƙaramin baki, ka jefa jatan lande a ciki, ka kwantar da ita bakin rami. Wai zai shiga ya kasa fita. Dabbar da ba ta da ƙashi ko ɗaya, wai ita bakin kwalba zai tsare!

Roscoe ya ɗebi jatan landen da Lorna ta ajiye a firji don abincinsu. Da safe nama ya tafi, kwalba tana nan. Ya sake. Nama ya tafi. Rannan ya tarar baƙon ya ja kwalbar ya toshe bakin raminsa da ita, ya samu ƙofa ke nan. Roscoe ya sayo wata mai murfi, baƙon ya kwance murfin.

Kada ka karaya, ci gaba da zubawa. Masana sun ce in ya ƙoshi ba zai yi farauta ba. Abin da ba su faɗa maka ba shi ne, wanda ake ciyarwa girma yake yi. Kafin Roscoe ya farga, babban yatsa ya zama dunƙulen hannu.

Af, na manta: irinsu suna ɗaga murfin tanki su fito su bushe a kan kafet. Don haka Roscoe ya bi murfin da salatef ya liƙe ko'ina, ya ɗora bulo a kai. Ka fahimta? Baƙon da yake neman kora shi ya kulle wa ƙofa don kada ya fita.

5. Ka kira 'yan ƙungiya

Ranar Asabar muka zo da fiza, gurasar nan ta Turawa, da gwangwanayen giya, har da shugabanmu Vern Haskell, tsohon likitan haƙori mai tankuna cike da ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa. Ƙarti shida muka durƙusa gaban gilas muka ba Lorna baya a falonta. Can sai ga hannu ɗaya ya zuro daga rami, ya shafa gilas, ya rikiɗe daga ruwan ƙasa zuwa fari fat, ya koma.

"Kai, mutumina!" in ji Vern, har da dafa ƙirji. "Tun ina da gashi a kai nake harkar nan, ban taɓa samun wannan a dutsena ba. Wallahi kai ɗan gata ne."

Baki har kunne, Roscoe ya ce, "Yana gane ni fa. Da na shigo yake leƙowa."

Daga bayanmu Lorna ta ce, "Likita, yana cin kifi?"

Vern bai ko waiwaya ba. "Eh to, madam, ya danganta."

"Da me?"

"Da yunwa."

Muka bushe da dariya, ita ba ta yi ba. Nan take Vern ya ce bana da gidan Roscoe za a buɗe zagayen shekara, ranar da 'yan ƙungiya ke bi gida-gida kallon tankuna, a kuma sa hoton gadar a kalandar ƙungiya, in Allah ya taimaka da hannun baƙon a ciki. Sharaɗi ɗaya: kada a taɓa komai kafin ranar. Roscoe ya daɗe yana mafarkin kalandar nan. Mun zo taya shi kora, muka tafi mun naɗa wa baƙon sarauta.

6. Ka yi alkawari mai nisa

"Bayan zagayen," shi ne abin da za ka riƙa cewa. Ka faɗe shi da murya mai taushi.

Kada ka ɗauka Roscoe mugu ne. Yana son matarsa, kuma tsoro yana cin sa. Kullum da safe yana ganin Lorna ta jawo kujera gaban tanki da kofin kofi, ta ƙwanƙwasa gilas da farce ta ce, "Ina kwana, Kyaftin," yadda mahaifinta ya saba yi, sai Roscoe ya zuba wa gilas ido har sai kifin ya fito. Da ya fito kuma sai ya ji daɗi ya ce a ransa, ka gani, ba abin da zai faru. Rannan Kyaftin ya fito da wutsiya a yage.

"Dubi jelarsa, Roscoe."

"Tsufa ne. Haka suke yi."

"Kalle ni ka sake faɗa."

Bai kalle ta ba. Ya ɗauki magogin gilas ya shiga goge inda ba datti. "Bayan zagayen, Lorna. Na rantse miki, washegari zan ciro shi."

"Roƙonka nake yi fa," ta ce. "Shi kaɗai ya rage mini na Baba."

Idan aka gaya maka irin wannan, ka ninka jatan lande a kwalba. Zuciyarka za ta yi sanyi, ka ji kamar ka yi wani abu.

7. Ka jira

Wannan matakin ba ya bukatar komai daga gare ka, shi ya sa kowa yake iya shi.

Ana saura kwana kaɗan zagayen, Lorna ta jawo kujerarta ta ƙwanƙwasa gilas. Shiru. Ta sake. Ta tashi ta zagaya ta leƙa ta gefe. A bakin ramin, cikin tarin ɓawon ƙaguwa, akwai ɗan guntun abu ruwan lemo yana kaɗawa a ruwa.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Roscoe, zo ka gani."

8. Ka ɗauko guduma

Roscoe ya zo da rigar aiki a jikinsa, ya gani. Ya ture bulo, ya yage salatef, ya zura hannu biyu cikin ruwa har kafaɗa, ba safar hannu ba komai. Mutumin da ke hana baƙi numfashi kusa da gilas! Ya girgiza gadar ta ƙi, ya ruga gareji ya dawo da guduma. Bugu biyu ƙafar ta ɓalle, gadar ta rufta, murjanin shekaru ya tarwatse a ƙasan tanki kamar fasasshen tangaran. Ya ciro dutsen ya jefa a bokiti, ya ɗaga ya girgiza. Baƙon ya sulalo ya faɗa ruwa, ya fesa baƙin tawadarsa, ya lafe a gefe.

Shi ke nan aikin. Ko kofin Lorna bai huce ba.

Roscoe ya ɗauko bokitin ya kawo gabanta, riga sharkaf, yatsu suna jini inda murjani ya yanke shi, idonsa ya cika da hawaye. "Na fitar da shi, Lorna. Ga shi nan. Na rushe komai."

Ta dubi bokitin. Ta dubi tankin da ya koma kango. Sannan ta dube shi.

"Ashe kana iyawa," ta ce.

Ta wanke kofinta ta kife, ta ɗauki makullin mota ta tafi aiki.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ya ce baƙo zai fita, kuma ya fita. Yanzu haka yana gidan Vern cikin tankinsa shi kaɗai, ana ba shi ƙaguwa mai rai. Iyakar alkawarin ke nan. Ba ruwana da mataccen kifi, ba ruwana da fasasshen murjani, ba ruwana da yatsun da suka kumbura ko gidan da aka cire daga zagayen shekara. Ba ruwan ƙungiya, ba ruwan mai sayar da dutse. Musamman kuma kada wanda ya zo mini ƙofa da kukan cewa matarsa tana gaishe shi da ladabi, tana miƙa masa gishiri a tebur, tana ce masa sai da safe kamar baƙon otal. Roscoe ya riga ka zuwa. Ya tsaya jikin shingen da ke tsakaninmu ya ce mini da ma ta zage shi ya huta. Na ce ya yi haƙuri, wataƙila gobe. Har yau ba ta zage shi ba.