Ƙudajen Alhaji Inuwa

"Ni idona ko na shaho albarka! Ban taɓa sa tabarau ba, kuma ba a haifi likitan da zai leƙa min ido ba." Alhaji Inuwa ke nan, tsohon darakta, mazaunin Nassarawa GRA. Da ka ga yadda yake saɓa babbar riga in yana wannan cika baki, sai ka rantse shi ya raba wa Kanawa idanu.

Ran nan yana karin kumallo sai ya ga wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a gabansa. Ya kai duka, suka goce. Ya juya ido, suka bi shi.

"Garba!" ya ƙwala wa direbansa kira. "Ka ga ƙudajen nan?"

To, a gidan Alhaji ba a cewa a'a. Garba ya ƙura wa iska ido, ya ce, "Ga su nan kuwa, ranka ya daɗe. Manya-manya!"

Shi ke nan, yaƙi ya ɓarke. Aka yi feshi sau uku, har kyanwar gidan ta yi ƙaura. Kande mai girki ta wuni tana tafi a iska, mai gadi yana zane bango da tsintsiya, shi kuwa Alhaji, Sarkin Gani, yana nuni da sanda: "Ga ɗaya can, ragwaye!"

A sati na biyu ya fara ganin walƙiya ta gefen idon hagu, ana tsakiyar zafin Maris.

"Hadari ya taso. Kun gani?"

"Har tsawa mun ji, Alhaji," in ji Garba.

Aka kwashe shanya, aka hana furanni ruwa, suka bushe ƙamas.

Ana haka matarsa Hajiya Hafsat ta dawo daga Zariya. Ta dubi falo, ta dubi mijinta. "Alhaji, ko ƙuda ɗaya babu. Idonka ne. Tashi mu je asibiti kafin ka rasa shi."

Ya yarda ya je, amma don ya kunyata ta ne kawai, har ya tafi da Garba a matsayin shaida.

Likitar ido, Dakta Tamar, ta ɗiga masa magani, ta haska ciki, ta daɗe tana dubawa.

"Alhaji, tantanin bayan idonka ne ya fara yagewa. Shi ke kawo ɗigo-ɗigon nan da walƙiyar. Yau ɗin nan za mu liƙe shi, in ba haka ba idon zai iya tafiya."

"Ke yarinya, duk gidana ana gani! Idanunmu duka ne suka yage? Garba, faɗa mata!"

Garba ya durƙusa, ya sosa ƙeya, ya ƙi kallon maigidansa.

"Likita, don Allah in kin gama gyara masa ki sanar da mu, mu ma mu daina gani. Wallahi hannayenmu sun gaji."