Rubutun Lokotoro Na Allah

Allah ya yi wa Urafane baiwa da gero, da wake, da kuma Mushe Na Allah, wato Malam Na Allah a bakin 'yan boko. Shekara ashirin ya yi yana buga hatimi a wani biro, ofishin gwamnati a Tasawa, saboda haka babu ilimin da ya rage mashi. Da 'yan kasuwar wake suka haɗa gudummawa don ɗaukar nauyin yaran garin da suka ci jarrabawar shiga lakwal, wato makarantar aikin lafiya a Maraɗi, shi da kansa ya ga babu wanda ya cancanci shugabancin kwamiti sai shi, kuma ya amince da kansa ba gardama.

Washegari ya ɗinko farar riga har gwiwa. Ya hana a ce mashi Mushe, sai Lokotoro, wato likita. A bayan idonsa kuwa Sarkin Hatimi ake ce mashi.

Ɗalibai uku ne ke jira, rajista kuma ranar Litinin za a rufe. Wani ƙaramin mutum da sai ya miƙa masu abinsu su kama hanya. Na Allah ya ce sai ya tace su tukuna.

Ya zaunar da su a zaurensa, ya ce kowa ya rubuta sunansa. Hafiza, ɗiyar wani manomi mai neman zama ungozoma, ta rubuta nata tsaf. Na Allah ya duba, ransa ya ɓaci.

"Ɗiyata, mi ne ne wannan? Ga shi ina karantawa! Kin taɓa ganin lokotoron da ake gane rubutunsa? Donk, ba ki da baiwar aikin."

"Baba, ni ce ta ɗaya a jarrabawa."

"Su ma can haka suka karanta rubutunki? Wala! Lakwal ta lalace."

Hafiza ta fita tana share hawaye. Akuyar babarta ma an sayar don kuɗin mota.

Na Allah ya kwana biyu yana shirya sakamako. Don ya nuna wa yara yadda manya ke yi, ya rubuta shi da hannun hagu, a kan babur ɗin kabu-kabu, a hanyar Gidan Amumune mai gargada.

Ranar kasuwa aka taru. Ya yi jawabin awa biyu a kan yadda lafiyar jama'a ta rataya a wuyansa, har masu rumfa suka fara naɗe tabarmi. Sannan ya buɗe takardar. Ya matso da ita. Ya nesanta ta. Ya juya ta ƙasa. Ko harafi ɗaya bai gane ba.

Hajiya Zara'u, shugabar mata masu wake, ta ce, "Lokotoro, rana na yi. Su wa suka ci?"

"Silansi! Rubutun likita ba a karanta shi da gaggawa."

Aka kirawo Isiyaku mai kantin magani, tunda shi ya saba da irin wannan. Ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi: "Maganin tsutsar ciki, ƙwaya ɗaya sau uku a rana, bayan abinci."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Hajiya Zara'u ba ta yi ba. Ta karɓi jakar gudummawa daga hannun ma'ajin kwamiti, ta kira Hafiza da sauran biyun, ta ce su bi motar Maraɗi yanzu-yanzu.

Na Allah ya tsaya a kan bakansa: hannunsa bai taɓa kuskure ba, in ya rubuta magani to akwai mai buƙata. Da aka rasa mai karɓa, ya saya ya sha a gaban kowa.

Kwana uku ba a gan shi a kasuwa ba. Da ya fito, ya yi fes, har kumatu ya soma yi. A duk takardun da ya sa wa hannu a duniya, wannan ce ta fara yi wa wani amfani.