Munduwar Hajiya a Ruwan Kaji

A wani taron masu kiwon kaji a Birnin Kudu na ji malamin dabbobi yana cewa ana gwajin ba kaji azurfa, ƙwayoyin da ido ba ya gani, don kashe cuta. Yana fara bayanin illarta ga hanta na miƙe, tunda ni na riga na gama fahimta.

Ina komawa gida Dingaya na ɗauko munduwar azurfar da na sa wa matata Hajiya a lefe, na goga ta da magagari cikin ruwan kajina. Har maƙwabta na kira su ga ilimin zamani.

Kaji suka fara mutuwa. Malamin ya zo ya farke ɗaya, ga hanta ta kumbura. Ya jujjuya munduwar.

"Alhaji, ko azurfar gaske in ta yi yawa tana taɓa hanta. Wannan kuwa dalma ce."

Hajiya tana bakin ƙofa. Duk a kunnenta.

Mai tsiren bakin tasha ne dai har yau ba ya gajiya da tsokanata. Duk sanda na nemi hanta sai ya ce, "Da azurfa ko da dalma, Alhaji?"