Ranar da Zoben Ramatu Ya Kama

Ko tsufa ya rikita ni, ba na jin zan taɓa mantawa da wata ranar iyaye da aka yi a makarantar da na fara koyarwa a Yendi, can ƙarshen shekarun tamanin. Ni ne malamin kimiyya, sabon ango, kuma a ganina daga Yendi har Gambaga babu wanda ya kama ƙafata a ilimi.

Hedimasta ya ce kowane malami ya nuna wa iyaye wani abu. Na zaɓi gwajin da na fi so. Za ka gasa wayar jan ƙarfe har ta yi ja, ka rataya ta cikin kofin gilashi daf da ruwan asiton (shi ne wanda mata ke goge jan farce da shi), amma kada ta taɓa shi. Maimakon ta huce, sai ta ci gaba da haske. Tururin ne ke sauka a jikin ƙarfen, ya haɗu da iska ya ƙone a nan, zafin da ya fito ya koma cikin ƙarfen. Haka za ta yi ta ci har asiton ya ƙare.

Matata Ramatu ta zo, tare da mahaifiyarta Hajiya, wadda ta kawo mana ziyara daga Salaga. Aka ba su bencin gaba.

Gwaji ya yi kyau. Limamin zango har ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ko na ɓoye batir. Aka tafa. Da ina da hankali, da a nan na tsaya.

Amma tafin ya hau mini kai. Na ce ba kowane ƙarfe ke wannan aiki ba. Zinari, alal misali, tururi ba ya samun wurin kamawa a jikinsa. Ko an gasa shi, hucewa zai yi ya fito yadda ya shiga. Na tambaya ko akwai mai zinari a ɗakin. Mata suka ja gyale suka rufe wuya. Sai Hajiya ta zunguri Ramatu, ta ce ta ba da zoben da mijinta ya saya mata mana.

Zoben nan a Bawku na saye shi kafin biki, a hannun wani mutum da ya ce daga Togo ya shigo da shi. Na juya shi a rana, na jinjina shi a tafin hannu, har na ciza (ban san abin da ake ji in an ciji zinari ba, amma na gyaɗa kai). Da dangin Ramatu suka ce a kai wa maƙerin zinari ya duba, na ce ba sai an wahalar da kowa ba, ai abin da na karanta ke nan. Hajiya ta baza wannan magana a Salaga kaf.

Na kama zoben da awartaki na sa a wuta. Ya yi baƙi. Na ce wa iyaye hayaƙin fitila ne. Na zura shi cikin kofin, na juyo na fuskanci jama'a, na ce kowa ya zuba ido da kyau, babu abin da zai faru.

"Masta," in ji Liman, "naka zinarin ya kama."

Na waiwaya. Zobe na ci jajur, launuka na yawo a jikinsa, ya fi wayar haske nesa ba kusa ba. Tun da nake gwajin nan bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Na baya, da ba su ji bayanin ba, suka tafa fiye da na farko. Ramatu ta ƙura wa yatsanta ido. Hajiya kuwa ko murya ba ta ɗaga ba.

"Malam, ka ce zinari ba ya yi."

Na sunkuyar da kai. "Haka ne, Hajiya."

"To wannan fa?"

"Wannan ya yi, Hajiya."

Na tsoma shi a ruwa, ya fito kamar abin da ya faɗo daga jikin keke. Ramatu ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. A gida ba ta yi faɗa ba. Sai dai an daɗe duk abin da na shigo da shi daga kasuwa, ko sabulu ne, sai ta juya shi ta tambaye ni ko na ciza.

Rediyona ne ya tafi, na sayar da shi don a sayo zobe na gaske. Hajiya da kanta ta kai mu wurin maƙerin zinari, ita da Ramatu suka shiga ciki suka zaɓa, ni aka ba ni kujera a waje kusa da mai gasa masara.

Abin da na koya shi ne kimiyya ba ta rufa wa kowa asiri, har malaminta. Ban daina gwajin ba har na yi ritaya, amma in na zo wurin zinari, da alli nake yin sa a jikin allo.